Wayar da Baba ya nannaɗe

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya, wata la'asar na iske Baba a shagon da yake ɗaure kaya a Murshid Bazaar. Kafin mu zo Dubai soja ne, a sashen sadarwa. Ya jera kofin shayi biyu a kan kwali, ya zaro guntuwar koriyar waya daga aljihu, ya miƙe ta a tsakaninsu.

Ya nuna kofunan ɗaya bayan ɗaya kamar rundunoni biyu, ya ce, "Waɗannan igwarsu na kallon sama, waɗannan tasu na kallon teku. Ni ne a tsakiya. In 'yan bakin teku suka hango jirgin sama, ni zan gaya wa ɗaya ɓangaren ko namu ne. In na yi shiru, sai a harbo namu."

Ƙawata Balarabiya na tsaye a ƙofa tana jirana, kunya ta kama ni. Na ce, "Khalas, ya isa haka, Baba. Yanzu dai kwali kake ɗaurewa."

Bai yi faɗa ba. Ya nannaɗe wayar a yatsa, ya ce, "Haka ne, Uwata. Je ki."

Bai sake ɗauko zancen ba har ya rasu. Wayar tana wurina. Jiya ɗana ya tambaye ni a bakin wane teku kakansa ya yi aiki. Ban sani ba. Ban bari Baba ya kai nan ba.