Faifan Tsohon Shago

Tun da matarsa Lastri ta rasu, babu abin da Pak Wiryo, wato Malam Wiryo, yake ji da shi a gidansa na Semarang kamar wani ɗan baƙin akwati da ke gefen talabijin. 'Yarsa Ningsih ce ta kawo shi daga Jakarta, na'urar ajiya mai cin faifan kwamfuta biyu, kowanne na riƙe da kwafin ɗayan, wadda kowa a gidan ke iya buɗewa ta wayarsa. A ciki aka juye tsoffin kaset-kaset na iyali. Akwai ranar aurensu, akwai Lastri a ɗakin girki tana saƙa ganyen kwakwa da ake dafa shinkafar Sallah a ciki, tana waƙa tana yi masa tsiya.

"Baba, ka sayi faifan da aka yi don wannan akwatin, mai jure aiki dare da rana," in ji Ningsih. "Ba kowane faifai yake karɓa ba."

"Ke, yaushe aka haife ki? Shagon intanet na riƙe tun kina rarrafe."

Gaskiya ne, ya riƙe. Shagon ya mutu da zuwan wayoyi, amma tsoffin kwamfutocinsa na nan jibge a bayan gida, ya kasa rabuwa da su. Ya zaro faifai biyu daga cikinsu ya cusa. A ganinsa abin da ya ciyar da iyalinsa ba zai ci amanarsa ba. Kaset-kaset ɗin kuwa, da damina ta sa suka fara fumfuna, ya zubar.

Akwatin bai yi shiru ba. Wata 'yar fitila ta yi ta ƙyaftawa tana gargaɗi, Pak Wiryo ya liƙe ta da salatif don tana damun idonsa.

Ranar Sallah gida ya cika. Jikoki suka zauna a tabarma, za su ji muryar kakar da ba su tarar ba. Pak Wiryo ya kunna. Akwatin ya yi ƙas-ƙas, ya ɗauke.

Mai gyara ya duba ya girgiza kai. "Pak, faifai ɗaya ya daɗe da mutuwa. Na biyun shi kaɗai yake ta fama, yau ya bi shi, duk abin da ke ciki ya tafi."

Pak Wiryo ya buɗe baki zai rera wa yaran waƙar da kansa. Baiti ɗaya ya tuna. Kuka ya ci ƙarfinsa.

Mai karatu, kafin ka damƙa wa na'ura abin da ba ka da madadinsa, ka sa mata faifan da ya dace da ita, ka kuma ajiye kwafi a wani wuri. Sabo da tsohon kaya ba ya maido da muryar wanda ya tafi.