Koren Littafin Baba

Ina da shekara tara muna zaune a unguwar Al-Shifa, a Riyad. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Hungary da ke aikin jinya tare da Mama, ta ba ni labarin wani tsohon sarkinsu da suke ɗauka waliyyi. Ya rubuta wa ɗansa, magajinsa, littafin nasiha. Ɗan ya fita farauta, aladen daji ya kashe shi, uban yana raye.

Ran nan da azahar na tarar da Baba yana rubutu a wani koren littafi.

"Baba, me kake rubutawa?"

"Nasiha ce ga Yayanka. Jibi zai tafi Kano karatu."

Nan take na tuna da ɗan sarkin nan. Yaya yana da sikila, sau biyu aka kwantar da shi a shekarar. Baba na shiga alwalar la'asar, na cusa littafin ƙarƙashin buhun shinkafa. Har yau ina jin ƙamshin buhun nan.

Ya birkice falo yana nema. "Wallahi nan na ajiye shi!" Kuka ne ya tona ni, na kwashe labarin sarkin na faɗa masa.

Bai yi dariya ba. Ya share mini hawaye ya ce, "Ba rubutu ne ya kashe yaron ba, kwanansa ne ya ƙare." Amma bai ce in ɗauko littafin ba.

Yaya yana nan da ransa, har da 'ya'ya uku. Ni kuwa, duk nasihar da zan yi wa ɗana, da baki nake yi.