Shamuwar Gidan Lanti

Tun da aka kafa dokar hana shuka sai mai duban tsuntsaye na hukuma ya tabbatar da zuwan shamuwa, Gwaggo Lanti ba ta taɓa karya ta ba. Bana kuwa da idonta ta ga shamuwa a kan rimin gidanta, ta shuka gero, ma'aikata suka zo suka tuge shi kaf.

Ta iske mai duban, Ɗantani, a bakin gona.

“Kai, ɗan nema! Ga ta can zaune, ko makanta ta kama ka? Ku biya ni gerona, azzaluman banza!”

Ya miƙa mata madubin hangen nesa. “Gwaggo, rage murya. Duba da kyau.”

Ta kara a ido. Tsuntsuwar ba ta ƙiftawa. Sai Lanti ta tuna tun zuwan tsuntsuwar ba ta share kashinta ko sau ɗaya ba.

“Na'urar hukuma ce,” in ji shi a hankali. “Ita ta kai ƙararki. Wanda ya zage su, gonarsa suke ƙwacewa.”

Shamuwar ta juyo, ta dube ta.

Lanti ta durƙusa. “Ranki ya daɗe, sannu da hutawa.”