Wuƙar da Ba Ta Zama a Hannu Ba

"Wanda ya sassaƙa wannan bai iya ba," in ji shugaban sashe, ya ajiye wuƙar dutsen da aka haƙo. "Ko a hannu ba ta zama ba."

Shi da sauran ma'aikata suka fita cin abinci, ba wanda ya ce wa mataimakiyarsa ta zo. Ta saba.

Ita kaɗai a ɗakin bincike, ta bi sawun bugun da aka yi wa dutsen shekaru dubbai baya. Kowane ɓalli tsaf yake, sai dai a juye. Ta miƙa hannun da ta sha duka a kansa tana yarinya, ta ɗauki wuƙar. Babban yatsanta ya faɗa gurbinsa daidai.

"Sannu, ɗan'uwa," ta ce a hankali. "Ashe kai ma bahago ne."