Hagu a Wajen Farin Gicciye

Shekara talatin wani dattijo mai suna Don Anselmo Tzoc ya yi yana kai baƙi kan dutsen da ke bayan garinsu, a tsaunukan Guatemala. Da gwiwoyinsa suka fara gajiya, sai 'yar ƙanwarsa Floridalma ta buɗe masa shafi a intanet. Ya zauna ya bayyana hanyar daki-daki da bakinsa, ita kuma tana rubutawa: inda ake samun ruwan sha, inda hazo ke sauka, da inda hanya ta rabu biyu a wajen wani farin gicciye. A nan ya ce a bi hagu. Suka saka hotonsa yana murmushi da karensa a gefe.

Wata rana Floridalma ta shigo da waya a hannu, ranta a ɓace.

"Kawu, an kwashe shafinka kaf! Rubutun, hoton, har sunanka. Wasu ne suka liƙa a nasu, suka cika shi da talla. Bari in kai ƙara tun da wuri."

Ya kurɓi kofinsa ya yi dariya. "Ke dai kin cika neman rigima. Kazata suka sata ko masarata? Ƙyale su, ai suna suke ƙara min."

Ta ƙyale su.

Da damina ta yi ƙarfi, ƙasa ta zaftare ta tafi da hanyar hagu. Wurin ya koma rami mai zurfin gaske, kuma idan hazo ya sauka ba a ganin bakinsa sai an taka. A ranar Anselmo ya sa aka gyara shafinsa da manyan haruffa: kada kowa ya bi hagu. Ɗayan shafin bai ko faɗo masa a rai ba.

Bayan wata biyu, da la'asar, hazo ya rufe gari har ba a ganin cocin da ke tsallaken titi. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata mata ce tsaye, tufafinta duk taɓo, takalmi ɗaya a ƙafarta. Bai taɓa ganinta ba, amma ita kallon sani take masa.

"Don Anselmo," ta ce a hankali. "Ina karen?"

Karen ya shekara biyu da mutuwa.

"Baiwar Allah, daga ina?"

Sai ta fara karanto maganarsa da ka, kalma bayan kalma, har da irin barkwancinsa: "In ka iso farin gicciye ka bi hagu, ko da ido a rufe za ka kai." Sannan ta ce: "Mijina Rigoberto ne a gaba. Ina jin takunsa, sai kuma na daina ji."

"Na hana! Na rubuta na hana bin hagu!"

Ta miƙa masa wayarta mai fasasshen gilashi. Ga fuskarsa tana murmushi, ga karen. A saman rubutun an saka kwanan watan ranar, kamar da safen nan ya rubuta shi.

Sai da aka kwana uku kafin a fito da gawar Rigoberto.

Floridalma ta aika saƙo zuwa adireshin da ke ƙasan shafin ɓarayin, tana roƙon a sauke shi. Ba a yi minti ɗaya ba amsa ta dawo: "Na gode da saƙonka, aboki. Hanya lafiya lau take, sai ka zo. Naka, Anselmo." Ta sake aikawa, amsar ba ta canza ba. Babu mutum a can, na'ura ce kawai ke magana da sunansa. Da suka samu aka rufe shafin bayan wahala, sai suka tarar wasu shafuka huɗu sun riga sun kwafa daga wancan.

Yanzu kullum da sassafe Anselmo yana jan gwiwoyinsa zuwa mararrabar, ya zauna a kan dutse yana mayar da mutane. Wasu suna jin maganarsa. Makon da ya wuce wasu matafiya uku suka tsaya, ɗayansu ya duba wayarsa.

"Baba, yi haƙuri, Don Anselmo ya ce hagu."

"Ni ne Anselmo."

Mutumin ya dubi hoton, ya dubi tsohon da furfura ta rufe, idanunsa sun faɗa. Ya yi murmushin tausayi ya zagaye shi. Sai da Anselmo ya kwanta a ƙasa ya riƙe masa ƙafa yana kuka kafin suka juya.

Mai karatu, abin da ka wallafa da sunanka amana ce a wuyanka: ka riƙa bibiyar inda yake shiga, kuma ranar da ka ga an kwafe shi ba izini, ka kai ƙara a ranar. Kai kuma mai kwashe rubutun mutane, ka sani mai shi yana gyara nasa, naka kuwa yana nan yana jiran wanda zai halaka.