Jan Biron Edita

Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da tsohon editan a gidansu na Bodinga, Hausar jarida ta tsere daga bakinsa, sai Sakkwatancin uwarsa ya rage. Shi ne kuwa ya ƙare rayuwarsa yana kashe wannan harshe, a ofis da jan biro, a gida da bulala a bayan 'yarsa.

Ya dube ta, leɓɓansa a bushe, ya ce, "Ɗiyata, ƙishirwa nika ji."

Ta ɗebo ruwan randa mai sanyi, ta zauna kusa da shi, ta ajiye kofin inda hannunsa mai motsi ba ya kaiwa.

A hankali ta ce, "Ba haka ake faɗa ba, Baba. Sake."