Kwaɗo a Bakin Rijiyar Sadaka

Akwai wani a garin nan, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Tankinsa na ambaliya ruwa na bin kwata, mata na tsaye a ƙofarsa da bokitai tun hantsi, shi kuwa ya ce wa maigadi a ce ba ya nan. Kai kana kiran wannan rowa, ni rashin sanin duniya nake kiransa. Ban yi boko ba, amma na yi yawo, na kuma ga ƙarshen irinsa da idona. Gyara zama ka ji misali, in ka ga dama ka kai masa.

A wani ƙauye na kan tudu, inda ruwa ke da nisa a ƙasa, wani tsoho ya haƙa rijiya a ƙofar gidansa. Da gangan ya bar ta a wajen katanga, ya ce sadaka ce. Da rani sauran rijiyoyin garin duk sukan ƙafe, ita kuwa tana nan tana tsattsafowa. Al'adarsu ita ce, in bazara ta kama ruwa ya ja baya, kowane gidan da ke sha a wurin ya turo namiji guda a yi yasa. A ɗaura wa mutum igiya a ƙugu a zura shi ciki, yana kwasar laka da tsummokara, na sama suna ja suna zubarwa, mata na dama kunu, har idon rijiyar ya buɗe. Ba a aika wa kowa, kowa ya san lokacin. Tsoho ya rasu, ɗansa manomi ya gaji gidan. Kada in ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne, mutum ne dai mai gajen haƙuri. Taɓon da ake yi masa a ƙofa ya dame shi, surutun mata tun asuba ya dame shi. Ran nan wata ta tsinka masa sabuwar igiya, guga ya faɗa, aka watse ba wadda ta ce ita ce. Ya wuni yana lalube da ƙugiya. Yana fito da gugan ya wuce wurin maƙeri, aka yi masa murfin ƙarfe, ya danna kwaɗo, ya jefa mabuɗi a aljihu. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, wadda ta goya shi yana jariri, ta zo da tulunta ta tarar a rufe. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, ubanka fa a waje ya haƙa ta." Ya ce ai yanzu ba ubansa ke sayen igiya ba. Ta ɗauki tulunta ta juya.

Ƙishirwa ba ta jiran a yi sulhu. Mutane suka koma wani busasshen rafi can bayan gari, inda ake tonon yashi a jira ruwa ya taru a kwashe da ƙoƙo. Maza su fita da jakuna tun asuba, ba su dawowa sai rana ta take. Shi kuwa gogan ya sha ruwansa shi kaɗai, ƙofar gida fes, ba hayaniya. Bazara ta zo ta wuce ba a yi yasa ba, wata ma ta zo ta wuce. Laka ta yi ta hawa, ido ya toshe, guga ya fara fitowa da rabi, daga baya sai baƙin taɓo mai wari. A nan ne ya cire kwaɗon, ya shiga bin gida gida yana neman gayya. Ba wanda ya zage shi, kuma da zagin aka yi da ya fi masa sauƙi. Duk inda ya yi sallama sai a amsa daga ciki a ce maigidan yana rafi. Ba ƙarya aka yi masa ba. Hannun da zai riƙe masa igiya, shi da kansa ya tura shi tonon yashi. Mutum kuwa ba ya zura kansa rijiya kuma ya jawo kansa. Yana ta jiran ranar da maza za su zauna gida, ruwan farko ya sauka da ƙarfi, gefen rijiyar da aka daina gyarawa ya zabtare, ta rufta. Da ya je neman tsohuwar nan ya roƙe ta gafara, aka ce ai tuni ta koma wurin 'yarta a wani gari, don ƙafarta ba ta kai ta rafi, kuma can Allah ya yi mata rasuwa. Da rani ya zagayo, sai ga shi a bayan jakunan mutane, da jarkoki biyu a kafaɗa. In ya isa sai a matsa masa wuri, wani ma ya miƙa masa ƙoƙo. Wannan matsawar ita ta fi ci masa rai.

Abin da ke ƙona mini zuciya, ruwan yana nan a ƙarƙashin ƙasar har gobe, ba inda ya tafi. Allah ya saukar, tsoho ya haƙa ya sadaukar, wanda aka bar wa riƙo kawai shi ya tsaya a tsakani, ya hana gari, ya hana kansa. Ba banza Bahaushe ya ce rijiya ta bayar, guga ya hana ba. To ka dubi unguwarku da kyau. In har ka iya cewa duk ƙishirwar da ke cin mu laifin fari ne, babu hannun guga a ciki, fito fili ka faɗa, ina nan zaune ina jin ka.